Turaren Korar Baƙo

Sallama gare ku masu karatu, tsofaffin hannu da waɗanda yau suka faɗo. Abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban gaya wa ba, don na san sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ku kuwa ba na ganin fuskokinku, ku yi ta yi.

Ga sababbin zuwa: ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana duk da na doshi talatin. Yayyena sun yi aure sun watse, saura ni da Mama da Baba, sai Gwaggo ƙanwar Baba, wadda ta zo jinyar ƙafa tun bara. Ƙafa ta warke sarai, Gwaggo ba ta ga dalilin tafiya ba. Ina aiki a wani ɗan shagon turare a saman bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Aikina in dubi mutum daga sama har ƙasa, in ɗauko kwalba, in kwantar da murya in ce, "Wannan kamar don ke aka yi shi." Wuni nake faɗin haka, idona ko ƙiftawa ba ya yi.

Kwalba ɗaya ce ban taɓa iya yi wa wannan ƙaryar ba.

Madam, mai shagon, ita ta zo da shi daga wata tafiya. Wai wasu mata da miji ne suke haɗa shi da hannunsu a bayan gidansu, 'yan kwalabe kaɗan a shekara. Ta kawo biyu, ɗaya ta gwaji, ɗaya ta sayarwa. Kwalbar koriya ce mai duhu, murfinta na katako, ba ruwan zinare ba ƙyalƙyali, sunan kuma da wani yaren da ita kanta Madam sai ta yi tuntuɓe kafin ta kai ƙarshensa. Fesawar farko kamar an mare ka da ɗanyen ganye. Tazargade ne a gaba, sai ɗoɗɗoya da aka murje a tafin hannu, sai wani ɗaci kamar ka tauna saiwa. A ƙarƙashi kuma garin katako, irin wanda ke tashi a shagon kafinta, da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Ba fure, ba zaƙi, ba rarrashi.

Wata mata da na miƙa wa ta shinshina ta ja da baya ta ce, "Au, kun fara sayar da maganin shawara?" Wani bawan Allah kuwa da gaskiyarsa ya tambaye ni ko yana kashe sauro. Daga nan Madam ta raɗa masa suna Jiƙo, muka tura shi can saman kanta.

Na taɓa tambayarta, "Madam, wai don wa aka yi wannan?"

"Mai haɗa shi ya ce mini don wanda bai damu a so shi ba."

A raina na ce to ai shi ke nan. Wanda bai damu a so shi ba, me zai hawo da shi bene zuwa shagon turare?

Mu koma gida. Ina da wanda nake so, mai gabatar da shiri ne a gidan rediyo, a wayata sunansa Nawa. Jama'a, mutumin nan in ya ce "barkanku da hantsi" sai ka rantse kai kaɗai ya gaisar. Shekaru muna tare. Alawata yake kirana, kuma yana son ƙamshina ya yi daidai da sunan, zaƙi a kan zaƙi. Amma da na taɓo maganar ya zo ya gaida su Baba, sai muryar ta ƙara laushi: "Alawata, bari abubuwa su ɗan daidaita." Ban san waɗanne abubuwa ba ne, amma da alama karkacewarsu ba ƙarama ba ce.

Mama ta gaji da jiran daidaituwa. Ƙawarta tana da ɗa likitan haƙori, suka ƙulla ta waya cewa zai zo gaisuwa ranar Asabar da yamma, har suka raba mana lambobin juna ba tare da sun tambaye mu ba.

"Ba wanda ya ce dole," in ji Mama, tana ninke kaya ba ta ko dube ni ba. "Ki gan shi kawai, ku gaisa. Ai ba cinye ki zai yi ba."

Gwaggo ta leƙo daga ƙofa. "Likita fa, Auta! Na haƙori ne dai, amma likita likita ne."

Na tura wa Nawa saƙo: *Ranar Asabar za a kawo mini wani gida.* Na riƙe waya ina jira ya kira hankali tashe. Sai ga 'yan fuskokin nan masu dariya har da hawaye, da kuma: *Ki gaishe shi. Na san ke tawa ce.*

Tunda mai abu bai tashi kare abinsa ba, na ce bari in kare masa. Ranar Juma'a na roƙi Madam aron kwalbar gwaji ta Jiƙo. Ta ɗaga hannu biyu sama. "Ɗauki! In kin ga dama ki yi wanka da shi."

Kusan shawararta na bi.

Tun safiyar Asabar Mama ta juya falo. An cire ledar kujeru, an rataya labulen da ba ya fitowa sai za a yi baƙin kunya, an fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinare waɗanda ni da aka haifa a gidan ban taɓa shan ruwa da su ba. Ta goge mini doguwar rigata ruwan hoda, ta ɗora mayafi mai duwatsu a kai, ta ce in na kuskura na fito fuska ba kwalliya sai ta saɓa mini. Na yi kwalliyar tsaf, har da jan baki. Sannan na tura ƙofa, na cire murfin katakon nan. Wuya, bayan kunne, wuyan hannu, gaban riga, bayan riga, mayafi ciki da waje. Idona ya kawo ruwa, na ce madalla.

Daga waje na jiyo Mama. "Gwaggon yara, magani kika jiƙa wa Yayanki?"

"Ni? Ni da na ɗauka ke kika ƙona wani abu a kicin."

Baba ya fito da tabarau a karan hanci yana bin soket yana shinshinawa, ya rantse waya ce take cin wuta a cikin bango.

Na buɗe ƙofa na fito. Su ukun suka juyo a tare. Mama ta dafe ƙirji.

"Auta! Ke ce?"

"Sabon kaya ne, Mama. Mai tsada."

"Maza wuce ki je ki..."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Dakta matsakaici ne a tsayi, da tabarau, da farar rigar da ba ta haɗu da dutsen guga ba, da takalman roba irin na asibiti. Ya russuna ya gaida su Baba cikin ladabi. Hancina, wanda da shi nake cin abinci, ya riga idona isa gare shi: kanumfari. Ba ɗan kaɗan ba, kamar wanda ya faɗa buhu aka ciro shi.

Manya suka janye suka bar mu, ƙofa a buɗe. Gwaggo ta kafa kujera a baranda tana ɗinke maɓallin da ba abin da ya same shi. Na zauna a kujerar da ta fi kusa da baƙo, na kunna fankar da ke bayana don saƙo ya isa da wuri.

"Malama, ina wuni?"

"Lafiya lau, Dakta. Ya aiki?"

"Aiki kam, alhamdulillahi." Ya zaro waya. "Yau na cire wani haƙori, bari ki gani."

Jama'a, hoto ya nuna mini. Baƙi ƙirin, ga rami, ga ruwa-ruwa. Ya ja yatsa, ga wani wanda ya fi shi muni. Yana ta bayani dalla-dalla yadda ruɓar ta ci har jijiya, idanunsa kuwa sun yi ja, ƙwalla na taruwa a bayan tabarau. Ni ma ina haɗiye yawu da ƙyar ina cewa "Allah sarki," ina ƙara kaɗa mayafi wai zafi nake ji. Ba wanda ya ja da baya. Can sai atishawa ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza kofi a kan tire.

Ya cire tabarau ya share ido, ya rage murya don kada Gwaggo ta ji.

"Malama, don Allah in tambaye ki, ba don raini ba. Da gangan kika yi?"

Na sha mur. "Me fa?"

"Wannan abin da kika fesa. Na yi aiki da magunguna iri-iri, ban taɓa jin wanda ya hau mini har ƙwaƙwalwa haka ba."

"Kai fa? Wa yake zuwa gidan mutane da hoton ruɓaɓɓen haƙori?"

Ya dubi takalmansa. "Har man kanumfari na shafa a wuyan riga. A mota, nan ƙofar gidanku."

Dariya ta taso mini, na toshe baki da mayafi, na shaƙi Jiƙo har na ƙware. Shi ma ya duƙar da kai kafaɗunsa na rawa. Daga baranda muka ji Gwaggo ta ce, "Masha Allah."

"Ummata ta mai da ni kamar sabuwar mota," ya ce da ya samu numfashi. "Gida-gida ake kai ni a nuna. Ba auren ne ba na so ba, tallan ne ya ishe ni."

Na ce ni ina da wani. Ya ce Allah ya sa alheri, bai tambayi ko wane ne ba. Nan muka yi yarjejeniya: kowa ya koma ya ce wa uwarsa ba a dace ba. Sai dai in ya tashi yanzu za a gane, dole ya ɗan zauna ya sha lemo.

To, tunda ba mai neman burge wani, sai hira ta zo da ƙafarta. Na cire takalmin da ke cin ƙafata na tura shi ƙarƙashin kujera. Ya ba ni labarin wani ƙaton mutum da ya suma da ganin allura, kafin a taɓa shi, sai da aka kira matarsa ta riƙe masa hannu. Na ba shi na ma'aikatan da ke hawowa shagonmu kowace safiya su fesa na gwaji, su ce za su yi shawara, su wuce ofis. Ya tambaye ni yadda nake gane abin da ke cikin kwalba da hanci kawai, kuma abin mamaki, ya tsaya ya ji amsar. Ban saba ba. Nawa in ya yi tambaya, shi yake amsa abarsa, da murya mai daɗi.

Ban san lokaci ya ja ba sai da na ga rana ta sauko kan labule. Yana cikin magana ya tsaya.

"Kin sake fesa wani ne?"

"A'a. Ai ina nan zaune."

"To ya canja."

Na kai wuyan hannuna hanci. Masu karatu, kunya ta kama ni a matsayina na mai sana'a. Tun da Jiƙo ya zo shagonmu, a 'yar takardar gwaji kawai nake shinshina shi in yar, ban taɓa ba shi awa guda a fatar mutum ba. Ɗacin nan duk ya kwanta. Abin da ya rage katako ne mai ɗumi, da saiwar jema, da wani ɗan zaƙi can ƙasa kamar ƙaro a jikin itacen da rana ta gasa. Kamar ka buɗe tsohuwar durowar katako da aka jera wankakkun kaya a ciki. Kanumfarinsa ma da ya huce, ya zo ya zauna a gefe kamar da ma tare aka haɗa su.

"Wannan kam," ya ce a hankali, "mutum zai iya zama kusa da shi."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa, sai ya duƙufa karanta bayanin da ke jikin kwalin lemo. Ni kuma na duƙa neman takalmina.

A bakin ƙofa ya ce, "Ki zo a duba miki haƙorin hagu na sama. Da gefe ɗaya kika ci biskit ɗin nan."

"Ashe bakina kake kallo."

"Sana'a ce," ya ce, ya wuce da sauri.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo: *Na cika alkawari. Na ce wa Umma ba mu dace ba. Ta ce na cika zaɓe. Allah ya bar ki da naki.*

Na karanta, na ce alhamdulillahi, abin da nake so ke nan. Na sake karantawa don in tabbatar abin da nake so ɗin ne.

Na je na cika nawa alkawarin. Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta wanke kofunan nan, ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin kabad ta rufe.

"Amma fa na ji kuna dariya!" in ji Gwaggo.

"Ƙwarewa na yi, Gwaggo."

Baba ne ya sauke jarida ya dube ni ta saman tabarau. "Auta, wancan naki da muke ji a rediyo kullum, shi ya san hanyar gidan nan kuwa?"

Na tashi na shige ɗaki.

Washegari Nawa ya zo ɗaukata, a kwanar layi kamar kullum, don wai ƙofar gidanmu ba wurin juya mota. Kafin in fito na fesa Jiƙo, fesa ɗaya tak, ina ɗokin ya ji abin da na gano. Ina rufe ƙofar mota ya sauke gilashi.

"Alawata, me ya mutu a jakarki?"

"Turare ne. Ka ba shi awa ɗaya, za ka ji yadda zai koma."

"Awa ɗaya?" Ya yi dariyar nan tasa da ake biyansa a kanta. "Turaren da sai an zauna jiransa ai ba turare ba ne. Don Allah kar ki ƙara sa shi, bai yi kama da ke ba."

Na dubi gefen fuskarsa. Shekaru nake zaune ina jiransa, shi awa ɗaya ta fi ƙarfinsa. Ban faɗa ba. Ya tambayi yadda muka ƙare da mai cire haƙori, na ce na kore shi. Ya bugi sitiyari ya ce, "Ba na gaya miki ba!" kamar shi ya yi aikin. Da ya sauke ni na tura masa tambayar Baba yadda take, ban rage ban ƙara ba. Alamar karantawa ta yi shuɗi. Amsa ba ta zo ba.

Satin nan ban san kaina ba. Kullum da safe sai na fesa Jiƙo. A motar haya mutane su matsa su ba ni fili, kafin in gama jera kaya a shago ya kwanta ya zama nawa ni kaɗai. Madam ta fara kallona kamar mai buƙatar addu'a. Haƙorin hagu, wanda da ban san da zamansa ba, ya fara yi mini magana. Na buɗe saƙon Dakta ya fi a ƙirga. In rubuta *Game da haƙorin nan*, in goge.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsugune ina jera kwalaye na ji sallama. Na ɗago. Riga a goge, takalman fata, kanumfari ko ɗis. Sabulu kawai da mutum.

"Dakta! Haƙorin ne ya biyo ni har nan?"

"A'a, sayayya na zo. Kin ce tsakanin mai waya da mai labule. Turaren nan naki nake so."

Madam da ke bayan kanta ta miƙe har kujera ta faɗi. Kafin in motsa ta taka tebur da kanta ta sauko da kwalin, ta hure ƙurar da ke kansa. "Yallaɓai, ka san kaya! Wannan sai manya."

Na yi ƙoƙari muryata ta fita daidai. "Wa za ka ba?"

"Ni zan sa. Umma ta samo wata, jibi za a kai ni. Kanumfari ba ya aiki, kin gani da idonki. Naki ya fi ƙarfi."

Sai na hango abin gaba ɗaya. Wani falo, wasu kofuna, wata budurwa da kwalliyarta. Zai shiga da ɗacin nan, ta yamutsa fuska. Amma mutumin nan mai ladabi ne, ba zai tashi da wuri ba, zai zauna ya sha lemo. Awa ɗaya za ta cika. Katakon zai yi ɗumi a wuyan rigarsa, ya tambaye ta wani abu, ya tsaya ya ji amsar.

Na ɗora hannu a kan kwalin. "An saya."

Madam ta juyo. "Wa ya saya? Yaushe?"

"Ni. Yanzu. Ki cire a albashina."

"Auta, kin san kuɗinsa kuwa?"

Na sani mana, ni na manna farashin. Amma ban ɗage hannu ba.

Dakta ya gyara tabarau, ya dubi hannuna, ya dube ni. Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya so.

"To ni da me zan je jibi?"

"Sai ka ce wa Umma ba ka samu turare ba."

"Hakan ma dalili ne," ya ce. "Ke kuma, cikakkiyar kwalba, wa za ki kora da ita?"

Wayata ta yi ƙara a kan kanta, tsakanina da shi, fuskarta sama. Na ga sunan, shi ma ya gani. *Alawata, ina ƙasa, ga ni nan hawowa. Mu yi maganar Baba.*

Daga matakala na jiyo muryar nan tana gaisawa da mai gyaran waya, muryar da gari guda ke so. Madam ta fara gyara ɗankwali. Dakta ya ja gefe ya ba da hanya, amma bai tafi ba.

Na yage ledar kwalin, na cire murfin katakon, na fesa a wuyana dama da hagu, har Madam ta yi tari.

Wanda zai iya zaman awa ɗaya, ga kujera nan.